Sayen taurari ba shi ke tada ƙungiyar da ta faɗi ba

A fadarmu ta Damagaram, shayi na kan wuta, in aka tabo ƙwallon kwando sai ka ji an ce: "Su sayo manyan 'yan wasa, magana ta ƙare." Wannan zance na damuna ƙwarai.

A 2013 ƙungiyar Brooklyn Nets, da ke buga NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ta ɗauko Kevin Garnett da Paul Pierce daga ƙungiyar Boston Celtics, dukansu sun haura shekara 35. Ta biya da damarta ta zaɓen sabbin matasa na shekaru masu zuwa, wato ta cinye irin shuka tun kafin damina. Dokar NBA kuwa tana ba ƙungiyoyin da suka fi shan kashi damar fara zaɓe. Da Brooklyn ta yi ta shan kashi, Boston ce ta ci gajiyar: ta samu Jaylen Brown a 2016, Jayson Tatum a 2017, ta raine su har suka ɗauki kofi a 2024.