Digirin safiyo ba lasisi ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka cewa wanda ya karanta aikin safiyo, ko ya taɓa yin rajista, ya samu izinin sa hannu a taswirar fili har abada. Ba haka ba ne. A Najeriya hukumar kula da aikin safiyo, wato SURCON, wadda doka ta 44 ta 1989 ta kafa, ita ke riƙe da rajistar, kuma kowace shekara sai an biya kuɗin izinin aiki. Wanda ya yi sake izininsa ya faɗi, digirinsa na nan, amma sai ya koma hukumar ya daidaita matsayinsa kafin ya sake buga hatimi. Zama ɗan ƙungiyar masu aikin safiyo ta Najeriya, wato NIS, ma ba ya maye gurbin wannan. Mai sayen fili, tambayi lambar rajistar safiyon kafin ka biya.