Gyaran Fannin Tsaro Ba Sayen Makamai Kaɗai Ba Ne

An daɗe ana cewa in ƙasa na son gyara tsaronta, sai ta ƙara sojoji ta sayo manyan makamai. Mai wannan tunani yana da uzuri, domin makami ake gani da ido.

Sai dai fannin tsaro ya wuce soja. Ya haɗa da 'yan sanda, jami'an leƙen asiri, kwastan, jami'an shige da fice, kotuna, gidajen yari, da majalisar da ke sa musu ido. Gyara na gaskiya yakan fara da tantance ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, a cire sunayen bogi daga takardar albashi. Sannan rumbun makamai: kowace bindiga a buga mata lamba, a rubuta wanda ya karɓa da ranar da ya mayar, a riƙa ƙidayar harsasai. Inda aka yi sakaci da wannan, makamin da aka saya da kuɗin jama'a yakan sulale ya tsallaka iyaka, maƙwabta su kwana a ciki. Haka kuma in kotu na jan ƙafa, kamen 'yan sanda cika gidan yari kawai yake yi.

Kowa na iya dubawa da kansa. A kasafin kuɗi, nawa aka ware wa horo da gyaran kayan aiki, nawa aka ware wa sayen sababbi? Ana fitar da rahoton binciken kuɗin tsaro? Akwai ofishin karɓar koke da ba ya ƙarƙashin wanda ake ƙorafi a kansa?

Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.