Kunun zaƙi, zoɓo da abincin da ya dace da kowanne: tambayoyi da amsoshi

Wai da gaske ne hanyar yin kunun zaƙi tana kama da ta yin giya?

A farkon aikin, eh. Wajen yin giya a Amurka da Turai ana jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, a busar, a niƙa, a jiƙa shi a ruwan zafi. Tsiron yana ɗauke da sinadarin da ke narkar da sitacin hatsi ya koma suga. Matan ƙauyukanmu haka suke yi da tsiron dawa ko na shinkafa, ko busasshen dankalin Hausa. Bambancin yana gaba: mai giya yana zuba yis ya bar shi kwanaki har sugan ya koma barasa, mai kunu kuwa tana tacewa da safe a shanye a ranar. Lokacin da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin lemon malt na Najeriya sun koma wa dawa, irin wadda ake lodawa a kasuwar Dawanau. Sayar da giya dai haramtacce ne a Kano da Jigawa tun dawowar Shari'a a 2000, don haka zancenmu na abin shan gida ne.

Yaya ake yin kunun da zai yi zaƙi da kansa?

A sami gero gwangwanin madara 8, a surfa, a rege tsakuwa, a jiƙa awa 10 zuwa 12. Lokacin zafi kada ya wuce haka, zai fara wari. A zubar da ruwan jiƙon, a wanke. A markaɗa da citta mai yatsu kamar biyar, kanumfari cokalin shayi ɗaya da ɗan masoro. Busasshen dankali gwangwani ɗaya da tsiron dawa gwangwani ɗaya a jiƙa su dabam, a markaɗa su dabam.

A raba ƙullun gida uku. Kashi biyu a sheƙa musu tafasasshen ruwa kamar lita 6, ana juyawa da muciya har ya yi kauri. Kashi na uku a haɗa shi da markaɗen dankali da tsiro, a ajiye shi ɗanye. Nan ne yawancin mutane ke ɓata aiki. Idan aka zuba ɗanyen ƙullun alhali damammen yana turiri sosai, zafi zai kashe ƙarfin tsiron, kunu ya kwana da kaurinsa kamar koko, ba zaƙi. Idan kuma aka bari ya huce sarai, aikin zai yi nawa, tsami ya riga zaƙi zuwa. Ana son zafin da yatsa zai shiga amma ba zai iya daɗewa ba, wajen digiri 60 zuwa 65. Da an zuba an juya, cikin rabin awa za a ga ya fara tsinkewa. Wannan tsinkewar ita ce shaidar cewa sitaci yana komawa suga. A rufe, ya kwana, a tace da asuba da ƙyallen tata. Sai an ɗanɗana kafin a taɓa suga, sau da yawa kaɗan yake nema.

Tsiron kansa ba wuya: a jiƙa dawa kwana ɗaya, a baza a kan buhu a inuwa, a rufe, ana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana uku, sannan a shanya a rana. Wanda ya yi fumfuna a zubar da shi. Farar dawa ta fi, ja tana kawo bauri.

Me ya sa gorar kunu take kumbura, kuma ya halatta a sha?

Tsamin dare ɗaya aikin ƙwayoyin halitta ne irin masu mayar da madara kindirmo, ba ya sa maye. Amma akwai yis a jikin hatsi da tukunya, kuma idan kunu ya daɗe cikin zafi yakan fara cin sugan, yana fitar da iska da barasa. Kumburin gora, kumfa da warin da ke dukan hanci su ne alamunsa. A Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi, ya sha har yammacin rana ta uku, abin da ya rage a ba wani ko a zubar. A zafin watan Afrilu na Haɗeja ko Gumel, kunu ba ya kai haka. Inda babu ƙanƙara, a jingina gorar a gindin randa a shanye kafin dare. Wanda ya kumbura kuwa, a zubar kawai.

Wane abin sha ne ya dace da wane abinci?

Abinci mai maiƙo yana son abu mai tsami. Shi ya sa zoɓo ya fi komai tafiya da tsire, balangu da gurasa mai man ƙuli: tsaminsa yana wanke kitsen da ya lulluɓe harshe, loma ta gaba ta yi daɗi kamar ta farko. Kunun tsamiya da ƙosai a buɗa-baki ma dalilin ke nan.

Yaji kuma lamarinsa dabam. Sinadarin zafin barkono ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa, don haka wanda kilishi ko ɗanwake mai yaji ya gigita, nono ko fura ne maganinsa. Zoɓo mai citta da yawa ƙara masa wuta zai yi. Kunun zaƙi ya fi dacewa da waina, alale da dambu, inda zaƙinsa ke daidaita gishiri da miya. A ganinmu kuskure ne a haɗa shi da tuwo, hatsi a kan hatsi sai nauyin ciki. Kunun aya shi kaɗai ake shansa ko da ɗan cincin, kuma shi ya fi saurin lalacewa, awoyi kaɗan ne idan babu sanyi.

Me ke sa zoɓo ya yi baƙi ko ya yi bauri?

Kanwa da daɗewa a wuta. Kanwa tana kashe tsami, amma tana juya jan launin ya koma duhu, kuma zoɓon da aka kashe wa tsami ya fi saurin lalacewa, ba ya kuma yi wa nama aikin da ake so. Gwangwani 4 na busasshen zoɓo, irin wanda ake tarawa a kasuwar Maigatari, ya ishi ruwa lita 5. A ɗauraye shi da sauri saboda yashi, a tafasa minti 10 zuwa 15 da citta da ɓawon abarba, a sauke, a bar shi ya jiƙu awa ɗaya kafin a tace. Sai ya huce za a sa suga. Mai shan maganin hawan jini ya tambayi likita kafin ya mayar da shi abin shan kullum, domin zoɓo ma yana sauke jini.