Cutar Sakoidosis a Jijiyoyi da Idanu

Sakoidosis cuta ce da garkuwar jiki ke tara ƙwayoyinta wuri guda, su dunƙule su zama ƙananan ƙulle-ƙulle da likitoci ke kira giranuloma. Huhu ta fi kamawa, kusan tara cikin goma na masu ita. Amma a tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari takan kai ga ƙwaƙwalwa, laka ko jijiyoyi. Ba a tabbatar da musabbabinta ba, kuma ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. An fi samunta a tsakanin baƙaƙen fata na Amurka da mutanen ƙasashen arewacin Turai irin su Suwidin.

Likitan Ingila Jonathan Hutchinson ya bayyana ta a fatar wani majinyaci a 1877, sai Caesar Boeck na Norwe ya raɗa mata suna a 1899. A 1909 wani likitan ido ɗan Denmark, Christian Heerfordt, ya lura da majinyata masu kumburin ido, kumburin kumatu kamar na hangum, zazzaɓi da shanyewar fuska. Har yau wannan tarin alamu na ɗauke da sunansa.

Alamunta sun dogara da inda ƙullen ya zauna. Yana yawan zama a fatar da ke lulluɓe gindin ƙwaƙwalwa, inda jijiyoyin kai ke fitowa, shi ya sa karkacewar baki ke cikin alamun da aka fi gani, wani lokaci a ɓangarorin fuska biyu. In ya kama jijiyar gani, gani ya dusashe, launuka su koɗe, wani lokaci ido ɗaya ya mutu cikin 'yan makonni. Cikin idon kansa ma yakan kumbura: ido ya yi ja, haske ya dame shi, mutum ya riƙa ganin ɗigo-ɗigo na yawo. Akwai ciwon kai irin na sanƙarau, farfaɗiya, da taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa. In ƙullen ya taɓa gland ɗin da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, mutum yakan yi ta fitsari da ƙishirwa ba ƙaƙƙautawa, alhali ba shi da ciwon sukari.

Gano ta shi ne babban aiki, domin takan yi kama da cututtuka da dama. Ana ɗaukar hoton MRI bayan an sa wa majinyaci sinadarin gadoliniyom, a ɗebi ruwan laka a gwada, a yi hoton ƙirji don neman kumburin kaluluwa a gindin huhu. Gwajin jini na ACE (wani sinadari da kan ƙaru a jinin masu cutar) da aka daɗe ana yi ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. Hujja mafi ƙarfi ita ce a yanki ɗan nama a duba a madubin likita mai ƙara girman ƙananan abubuwa, kuma tunda yankan ƙwaƙwalwa na da haɗari, akan nemi kaluluwa ko fata. Ƙa'idojin da ƙwararru suka fitar a 2018 sun kasa ganewar gida uku: mai yiwuwa, mai rinjaye, da tabbatacciya, wadda sai an ga ƙullen a naman jijiya.

Ga likita a Najeriya ko Nijar, tarin fuka ne abin da ya kamata ya fara kawarwa. Shi ma yana yin giranuloma, yana kama gindin ƙwaƙwalwa, hotonsa ya yi kama da nata. Bambancin a madubi shi ne ƙullen tarin fuka yakan ruɓe a tsakiya, na sakoidosis kuwa yawanci ba ya yi. Kuskure a nan yana da tsada, domin maganin sakoidosis na danne garkuwa, wanda ke ba tarin fuka damar bazuwa.

Magani na farko shi ne sitiroyid, mai rage kumburi. In gani na cikin haɗari, akan ba da metilfirednisolon giram 1 ta jijiyar jini kullum, kwana uku zuwa biyar, sannan a koma ƙwayar firednisolon a riƙa rage ta a hankali na watanni. Don rage dogaro da sitiroyid ana haɗawa da metotireksat ko azatiyofirin. In cutar ta yi tsanani ko ta ƙi jin magani akan ba da infiliksimab, amma sai an tabbatar babu tarin fuka kwance a jiki. Ruwan da ya taru a ƙwaƙwalwa kuwa tiyata ake yi a sa bututun da zai janye shi. Sitiroyid na tsawon lokaci yana iya jawo yanar ido da hauhawar matsin ido, don haka likitan ido yakan ci gaba da duba majinyacin ko bayan kumburin ya lafa.