Waiwaye: Yadda wuraren zanga-zangar 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo suka zama wuraren tarihi a Amurka

A wani ɗan ƙaramin lambu da ake kira Christopher Park, a unguwar Greenwich Village ta birnin New York, akwai mutum-mutumi huɗu na tagulla da aka shafe da farin fenti. Maza biyu suna tsaye, ɗaya ya dafa kafaɗar ɗayan, mata biyu kuma suna zaune a kan benci cikin natsuwa. Baƙon da ya gan su da wuya ya yi zaton cewa tarzoma aka kafa su don tunawa da ita, alhali kuwa a tsallaken titin ne mashayar Stonewall take, matattarar masu neman jinsi ɗaya, inda aka kwashe kwanaki ana arangama da 'yan sanda a 1969.

Tarihin ya faro ne tun kafin wannan tarzoma. A 1953 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a kan umarnin da ya ba da damar korar masu neman jinsi ɗaya daga aikin gwamnatin tarayya, kuma cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai Frank Kameny, masanin taurari da aka sallama daga aiki a 1957. Shi da Barbara Gittings da Craig Rodwell suna cikin waɗanda suka shirya jerin gwano a gaban Independence Hall da ke Filadalfiya, ginin da aka rattaba hannu a kan takardar 'yancin kan Amurka, ranar 4 ga Yuli, 1965. Mutum arba'in ne ko kusa da haka suka fito. Kameny ya gindaya sharaɗin cewa maza su sa kwat da lakataye, mata su sa dogayen riguna, domin a gan su a matsayin mutanen da suka cancanci a ɗauka aiki. Haka suka riƙa zagayawa shiru da kwalaye a hannu kowace shekara har zuwa 1969.

Daren 28 ga Yuni, 1969 ya sauya salon gwagwarmayar baki ɗaya. 'Yan sanda sun kai samame Stonewall kamar yadda suka saba, sai dai a wannan karon mutanen da ke ciki da na kan titi suka ƙi watsewa, suka yi ta jifa da kwalabe da sulalla. Kwana shida bayan haka, a jerin gwanon Filadalfiya na ƙarshe, wasu mata biyu suka riƙe hannun juna, Kameny ya yi maza ya raba su, abin da ya fusata matasan da ke wurin. A shekarar da ta biyo baya aka mayar da taron New York, aka yi tattaki daga titin Christopher zuwa Central Park ranar 28 ga Yuni, 1970, kuma daga nan ne al'adar tattakin watan Yuni ta samo asali.

Samun gurbi na dindindin a filin jama'a shi ne ya fi ɗaukar lokaci. A 1979 wani attajiri mai suna Peter Putnam ya ɗauki nauyin aikin mutum-mutumin nan huɗu, mai sassaƙa George Segal kuma ya kammala shi a 1980, amma sai da aka shekara goma sha biyu kafin a girke shi a inda aka nufa. Wasu mazauna unguwar sun ce lambun ya yi ƙanƙanta, wasu kuma batun ne gaba ɗaya ba sa so. A tsawon wannan jira an ajiye shi a birnin Madison na jihar Wisconsin daga 1986 zuwa 1991, yayin da wani kwafi da aka kafa a Jami'ar Stanford a 1984 ya sha dukan guduma daga hannun wani mutum jim kaɗan bayan kafa shi. Sai a watan Yunin 1992, zamanin magajin gari David Dinkins, aka ƙaddamar da shi a Christopher Park.

Suka mafi kaifi daga cikin gida ta fito. Masu fafutuka da yawa sun ce fararen siffofin nan masu ladabi sun fi kama da masu kwat na Filadalfiya fiye da matasa marasa galihu, da baƙaƙen fata, da masu sauya jinsi irin su Marsha P. Johnson, waɗanda sunayensu suka haɗu da Stonewall. A ganina wannan suka tana da tushe, domin hukumomi sun fi sakin jiki da tunawa da zanga-zanga idan an cire mata hayaniyarta. A 2015 wasu suka shafa wa fuskokin mazan biyu fenti mai ruwan ƙasa, suka ɗora musu gashin kanti, don nuna wannan ƙorafi.

Daga ƙarshen shekarun 1990 amincewar hukuma ta zo a jere. An shigar da Stonewall cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa a 1999. A 2005 jihar Pennsylvania ta kafa allon tarihi daura da Independence Hall don tunawa da masu jerin gwanon farko, shekara guda bayan haka kuma kwalayen Kameny suka shiga gidan tarihi na Smithsonian. Ranar 24 ga Yuni, 2016 Shugaba Obama ya ayyana yankin Stonewall, mai faɗin eka 7.7, a matsayin wurin tarihi na ƙasa, na farko da aka keɓe wa wannan gwagwarmaya. A 2019, shekara hamsin cif bayan samamen, kwamishinan 'yan sandan New York, James O'Neill, ya fito ya nemi afuwa.

Sai dai shigar wurin ƙarƙashin kulawar gwamnatin tarayya ta sa labarinsa ya koma bin sauyin mulki a Washington. A watan Fabrairun 2025, makonni kaɗan bayan dawowar Shugaba Trump, hukumar kula da gandayen ƙasa ta goge ambaton masu sauya jinsi daga shafinta na intanet da ke bayanin Stonewall. Washegari ɗaruruwan mutane suka cika Christopher Park da kwalaye da tutoci, suka yi zanga-zanga kewaye da fararen mutum-mutumin nan huɗu.