Fachwerk: gidan manomi na katako da dokar da ke tsare shi a Jamus

Fachwerk kalmar Jamusanci ce: Fach gurbi, Werk aiki. Gini ne da gumagumai ke ɗaukar nauyinsa, bangon kuwa ciko ne kawai a guraben da ke tsakaninsu.

Ana shimfiɗa gungume a kan tushen dutse, a kafa ginshiƙai a kansa, a gitta wasu, a tokare da wasu a karkace don kada ginin ya karkata. Galibi itacen oak ne, wani itace mai tauri, kuma ba ƙusar ƙarfe: a sassaƙa harshe a bakin wannan, a huda rami a jikin wancan, a zura, a kulle da turken itace. Gurbin sai a saƙe shi da tsumagu, a yaɓe da laka mai ciyawa, a shafe da farar ƙasa. A da, a gidan manomi na arewacin Jamus rufi ɗaya ke haɗa komai. Keken doki na shiga ta babbar ƙofa, shanu hagu da dama, hatsi a sama, iyali a ƙurya, hayaƙin murhu na busar da amfanin gona.

Kalma ta biyu ita ce Denkmalschutz, kariyar kayan tarihi. Kowace daga jihohin Jamus 16 tana da dokarta. Gida idan ya shiga ƙarƙashinta, sauya taga, rufi, ko launin fenti sai da izinin hukuma. Mai zaune a gidansa na iya cire kashi 9 cikin 100 na kuɗin gyara daga kuɗin shigar da ake yanka masa haraji, duk shekara har shekara 10, amma fa sai an daidaita da hukuma kafin a soma aikin.

Abin takaici, gyara da kayan da ba su dace ba na kashe waɗannan gidaje kamar yadda sakaci ke kashe su. Laka na tsotse danshi daga itace ta sake shi ga iska. Siminti da fentin roba kuwa tsagewa suke yi, ruwa ya shiga ya rasa mafita. Magina a Kano da Zinder sun san hakan daga filastar siminti a kan tubali. Danshin itace na daɗewa sama da kashi 20, ruɓa ta kama, gungumen ƙasa ne kuma ya fi saurin ruɓewa saboda feshin ruwan sama. Kafinta sai ya tokare ginin, ya yanke iya ruɓaɓɓen, ya haɗa sabon oak a gurbinsa, a mayar da laka.