Waiwaye: daga littafin lambobin cututtuka zuwa ɗan aiken na'ura

A 1893, a wani taron masana ƙididdiga a Chicago, Bafaranshe Jacques Bertillon ya gabatar da jerin cututtukan da ke kashe mutane, domin ƙasashe su riƙa ƙirga mamatansu da mudu ɗaya. Wannan jeri shi ne kakan ICD, kundin lambobin cututtuka na duniya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamarsa a 1948. Daga baya kowane fanni ya fito da nasa: SNOMED, da ya samo asali a 1965 daga likitocin binciken cututtuka na Amurka, LOINC a 1994 don gwaje-gwajen lab, RxNorm don magunguna. Sa'ad da yawansu ya fara zama damuwa, Babban Ɗakin Karatu na Likitanci na Amurka ya soma aikin UMLS a 1986, ya ɗinke su wuri guda.

Duk tsawon shekarun nan, ɗan Adam ake rubuta wa bayanin yadda za a yi amfani da su. ICD-10 ma kundi uku ne, na biyun kacokan ƙa'idoji ne. Ma'aikacin rikod a asibiti sai ya yi kwas kafin a ba shi aikin, kuma idan bayanin ya yi giɓi yakan cike da abin da ya sani, ko ya leƙa ofishin kusa ya tambaya. Shi ya sa rubutu mai rauni bai cika yin ɓarna a fili ba. Akwai mai rufa masa asiri.

Zuwan manhajojin ƙirƙirarriyar basira ya canja mai karatun. An fara gwada su kai tsaye, a ce su kawo lambar cuta daga ka. Wani bincike na asibitin Mount Sinai da ke New York, wanda ya fito a 2024, ya nuna ko GPT-4 na kamfanin OpenAI, da ya fi sauran manhajojin, bai kai rabi ba wajen dacewa da lambar daidai, wani lokacin ma ƙago lambar da babu ita yake yi. Mafita ita ce a daina dogara da haddarsa, a ba shi wurin dubawa. OpenAI ta buɗe hanyar da manhaja za ta kira wata manhaja a Yunin 2023, kamfanin Anthropic kuma ya fitar da MCP, tsarin haɗa irin waɗannan manhajoji da kayan aiki na waje, a Nuwamban 2024. A tsarin nan, kowane kayan aiki yana zuwa da suna, da ɗan bayani, da fasalin abin da za a shigar masa. Sau da yawa iyakar abin da ɗan aiken, wato manhajar basirar da aka ba aikin, ya sani game da kayan ke nan, kuma da shi zai yanke ko ya kira shi ko ya ƙyale.

Nan ne maganar auna ingancin bayanin ta taso. Wasu ma'aunan saman abu suke kallo: shin an bayyana kowane gurbi, shin akwai misali, shin rubutun ya kai tsayi. Ba laifi, amma a ganina a fannin lafiya wannan bai isa ba. A ɗauki ciwon suga nau'i na biyu. A ICD-10 lambarsa E11, a ICD-11, da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022, ta koma 5A11. Amurka kuwa tun Oktoban 2015 tana amfani da nata gyararren, ICD-10-CM, mai ƙarin rassa. Bayanin da ya ce kawai "yana nemo lambar ICD" ya cika duk sharuɗɗan tsafta, amma bai faɗi wanne ba, kuma ɗan aiken ba zai tsaya tambaya ba. Zai ɗauki abin da aka miƙo masa ya wuce.

Haka batun sunaye. RxNorm magungunan kasuwar Amurka ya tattara, don haka farasitamol ɗin da muke saya a kemis, a can acetaminophen ne sunansa. Gajerun haruffa sun fi haɗari. MS na iya nufin ciwon jijiyoyi, ko tsukewar ƙofar zuciya, ko maganin morphine, ko kuma maganin magnesium sulfate, har ta kai hukumar tantance asibitoci ta Amurka, Joint Commission, ta saka shi a jerin gajerun kalmomin da ta hana rubutawa. Idan kayan binciken zai dawo da amsa uku, dole bayanin ya faɗi yadda aka jera su, kuma ya faɗi ko ta farko ita ce mafi dacewa ko kuwa jerin haruffa ne kawai ya kawo ta gaba.

Abin da na fi so mai aunawa ya duba shi ne abin da rubutun ya ce game da ranar da ba a samu komai ba. Amsa babu komai na iya nufin kalmar ba ta cikin kundin, ko an yi kuskuren rubutu, ko lambar ta yi ritaya, ko lasisin mai tambaya bai kai nan ba, tunda SNOMED CT da UMLS duk sai da lasisi. Ɗan aiken da ba a bambance masa waɗannan ba yakan koma ga haddarsa, wato ainihin abin da aka gina kayan don a hana. Sannan kwanan wata: ICD-10-CM na samun sababbin lambobi kowane 1 ga Oktoba, saboda haka bayanin da bai ambaci fitowar wace shekara ke cikinsa ba, yana iya sa a miƙa lambar bara a kan takardar bana.